Rana kyauta ce, batir kuwa saye ake yi

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya yi daminar shekarar 2023 a Yamai ko Doso ko Maraɗi ko Damagaram bai manta da duhun da aka sha ba. A farkon watan Agusta na waccan shekara, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa ƙasarmu, alhali kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga can take zuwa, ta layin Birnin Kabi da na Katsina. Tela ya naɗe hannu, mai walda ya rufe shago, mai sayar da ƙanƙara ya zubar da ruwa, marasa lafiya suka kwana cikin zufa a gidajen likita. Ba a maido da wutar ba sai a watan Maris na 2024. A tsakiyar wannan ƙunci ne, cikin watan Nuwamba na 2023, tashar hasken rana ta Goru Banda da ke kusa da Yamai ta soma aiki, da ƙarfin megawat 30 da allunan kama rana fiye da 55,000, ta ɗan sauƙaƙa wa babban birni. Tun daga lokacin maganar wutar rana ta fito daga ofisoshin hukuma ta shigo zaurukan unguwa da ƙofofin masallatai, domin kowa ya gani da idonsa cewa zanen aro ba ya rufe katara.

To, amma tashar ba daga sama ta faɗo ba. An kashe mata wajen miliyar 20 na kuɗin sefa, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, sai wani kaso na kyauta daga Tarayyar Turai, sai abin da baitulmalinmu ya zuba. Kafin ita akwai ta Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 da rancen wani bankin gwamnatin Indiya. Bayan waɗannan manyan tashoshi, akwai shirye-shiryen da aka nufi ƙauyuka da su: hukumar ANPER da aka kafa a 2013 domin kai wuta karkara, da shirin NESAP wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2017 da wajen dalar Amurka miliyan 50, da shirin Haske na 2021 mai fiye da dalar Amurka miliyan 300. Da irin waɗannan kuɗaɗe ake son kafa ƙananan tashoshin gari, da famfunan ruwa masu aiki da rana, da wutar ɗakunan shan magani da makarantu. Kuma a cikin dalilan da ake bayarwa na irin wannan aiki, kullum za ka ji an ambaci rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mas'alar da muke son mu duba ke nan: shin daidai ne hukumar ƙasa matalauciya ta kashe dukiyar jama'a, har ta ci bashi da sunansu, domin rage wani hayaƙi? In kuwa daidai ne, wane nauyi ne yake hawa kan garin da aka kawo wa kayan?

Wani dattijo ya tare mu da wannan magana bayan sallar la'asar, ya ce: «Malam, hayaƙin nan wa ya tada shi? Ni dai ban taɓa mallakar ko babur ba, ubana ma da jaki ya yi fatauci har ya koma ga Allah. Su suka ƙona gawayin ƙasa da man fetur shekara ɗari biyu suka gina biranensu, yanzu kuma a ce jikokina su biya bashin gyara?» Ba mu iya musa masa ba, domin lissafi yana bayansa. Idan aka raba iskar kabon da ƙasarmu take fitarwa daga ƙona mai da gawayin ƙasa tsakanin ƴan ƙasa, kowane mutum ɗaya bai wuce wajen kilo 100 ba a shekara. Ba'amurke ɗaya kuwa yana fitar da wajen tan 14, wato ya ninka ɗan Nijar fiye da sau 100. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta, da dukkan jama'arta, ba ta kai kashi 4 cikin 100 na wannan iska ba. Amma idan aka zo wajen ɗanɗana sakamakon, mu ne a sahun farko. Masana yanayi sun nuna a 2017 cewa ruwan sama mai tsananin ƙarfi ya ninka sau uku a yankin Sahel tun daga farkon shekarun 1980. Azumin 2024 ya ƙare cikin wani zafi da tsofaffi suka ce ba su san irinsa ba, kuma daminar da ta biyo baya ta halaka fiye da mutum 300 a ƙasarmu, ta rushe dubban gidaje, har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba.

Saboda haka, a wajen ƙasashen da suka yi arziki da wannan hayaƙi, abin da suke bayarwa ya fi kusa da biyan diyyar ɓarna a kan sadaka. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Su da kansu sun yi alkawari a taron Kofanhagan na 2009 cewa za su riƙa ba da dalar Amurka miliyar 100 kowace shekara daga 2020. Ba su cika adadin ba sai a 2022, kuma kaso mai yawa na kuɗin rance ne da za a biya. Wanda shanunsa suka ci gonarka, sannan ya ba ka rancen iri, ba za a ce ya sauke haƙƙinka ba. Wannan gaskiya ce, kuma ya kamata wakilanmu su riƙa faɗarta a duk inda aka taru.

Sai dai gaskiyar dattijon ba ta yanke mas'alar ba. Abin da ta tabbatar shi ne wanda ya kamata ya biya. Ba ta faɗa mana abin da ya fi dacewa shugaba ya yi da kuɗin da ke hannunsa ba. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk tasarrufin da shugaba zai yi da dukiyar talakawa a ɗaure yake da maslaharsu. Da wannan ma'auni za mu auna, ba tare da mun damu da sunan da aka rubuta a bangon takardar ba. To, mece ce maslahar? A ƙasarmu, kusan mutum 1 ne cikin 5 yake da wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Garuruwanmu a warwatse suke, jan waya daga babban layi zuwa kowane ƙauye zai ci kuɗin da ba mu da shi. Garin da ya samu gurup kuwa, rayuwarsa tana rataye da gazuwal: ranar da tanka ba ta iso ba, famfo ya tsaya, injin niƙa ya yi shiru, mata su koma ga turmi da igiyar guga. Rana ba ta jiran tanka, ba ta tsayawa a duwan, ba kuma wanda zai rufe mata iyaka. Ƙari a kan haka, kuɗin allunan ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, har ya zama a wurare da yawa wutar rana ta fi ta gazuwal araha idan aka yi lissafin shekaru. Ku dubi ungozomar da take karɓar haihuwa da tocila a baki, da allurar rigakafin da take lalacewa idan firiji ya mutu, da yarinyar da take rasa makaranta saboda ɗibar ruwa. Ko da babu maganar ɗumamar duniya sam, waɗannan kaɗai sun isa hujja ga shugaban da ya kashe kuɗin baitulmali a wannan hanya.

A nan ya wajaba mu faɗi wata gaskiya da masu jawabin buɗe tasha ba su cika faɗa ba. Hayaƙin da wutar rana take ragewa a ƙauye ba shi da yawa. Tana maye gurbin gurup, kuma kowace lita ta gazuwal da ba a ƙona ba ta hana fiye da kilo 2 da rabi na iskar kabon tashi. Tana maye gurbin fitilar kananzir da ƙananan baturan tocila da ake watsarwa a bola. Amma ba ta tuƙa tuwo. Fiye da gida 9 cikin 10 a ƙasarmu da itace suke girki, kuma allon da ke kunna fitila huɗu da cajin salula ba zai iya tafasa tukunyar gidan mutum goma sha biyar ba. Hayaƙin da ya fi kusa da mu, wanda uwayenmu da matanmu da jariran da ke bayansu suke shaƙa safe da yamma, yana nan a murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara. Kuma mafi yawan abin da ƙasarmu take fitarwa na iskar da ke ɗumama duniya daga dabbobi da noma da sarar daji yake zuwa. Don haka hukumar da take nufin rage hayaƙi da gaske, ba za ta tsaya ga alluna ba. Sai ta haɗa da murhu mai tsimin itace da sauƙaƙa iskar gas, wadda matatar mai ta Damagaram take fitarwa tun 2011, ga gidajen da ba su da ƙarfin sayen tukunyar farko.

Wani zai ce: in haka ne, ashe karɓar kuɗi da sunan rage hayaƙi wata dabara ce kawai, mun san abin da muke so, mun faɗi abin da suke son ji? Ba mu ga haka ba. Ƙidayar 1988 ta same mu mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 miliyan 17, yau mun haura miliyan 25. Waɗannan mutane za su nemi wuta ko ba jima ko ba daɗe, kuma haƙƙinsu ne. Abin da ake yankewa yau shi ne da me za a kunna ta. Tashar da aka gina takan yi shekaru 25 ko fiye tana aiki, saboda haka hayaƙin da ake magana shi ne na gobe, wanda ba a riga an tada ba. Kuma Musulmi ba ya kafa hujja da ɓarnar wani don ya yi tasa. Maƙwabcinka ya zuba shara a tafkin gari da amalanke, wannan bai halatta maka zuba taka da ƙwarya ba. Abin da ya ba ka shi ne ikon kai ƙararsa.

Yanzu ga inda mas'alar take da nauyi. Bashin da aka ci da sunan ƙasa, kowa ne zai biya: mai shago a Maraɗi, da makiyayi a Abalak, da manomin da garinsa ba zai ga fitila ba sai bayan shekara goma. Wato akwai talakan da yake biyan hasken da bai gani ba. Idan haka ne, rabon wannan haske ba zai zama bisa son rai ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin makiyayar da Sayyidina Umar ya keɓe domin amfanin jama'a, inda ya umarci mai tsaronta da ya shigar da mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan, ya kuma yi hattara da garkunan manyan mawadata, har ya ambaci sunayen sahabbai biyu masu dukiya. Dalilinsa shi ne mawadaci in dabbobinsa suka halaka yana da gona da dabino da zai koma gare su, talaka kuwa sai ya kwaso ƴaƴansa ya zo ƙofar shugaba. Ku auna wannan da abin da muke gani. Sau da yawa gari yana samun tasha ne saboda ɗansa yana da kujera a Yamai, ko saboda zaɓe ya matso. A cikin garin ma, waya takan bi layin masu hali, domin su ne suke iya biyan kuɗin jona wuta da na kwantar, gidan bazawara mai marayu kuwa sandar wuta tana tsaye a ƙofarsa amma ɗakin duhu. Idan kuɗin jama'a ya ƙare a firijin mai kuɗi da talabijin ɗinsa, an ɗauko daga hannun wanda ba shi da shi an miƙa wa wanda yake da shi. Abin da ya fi dacewa da tallafin hukuma shi ne kuɗin shiga, wato jonawar farko ga gidan talaka, da wuraren da kowa ke amfana: famfo, ɗakin haihuwa, injin niƙa, makaranta.

Bari mu taɓa kanmu, tun da a masallaci za a karanta wannan takarda. A garuruwa da yawa, idan aka tambayi dattawa inda za a fara sa alluna, amsar da take fara fitowa ita ce masallaci: lasifika, da fitilun asuba da isha'i, da fankoki saboda zafin azahar. Niyya ce mai kyau, kuma ba mu raina ta ba. Ƙasar Maroko ma ta yi shirin sa wutar rana a masallatai, har babban masallacin Kutubiyya na Marrakesh ya samu a 2016. Amma idan kuɗin na baitulmali ne kuma bai isa wuri biyu ba, ra'ayinmu shi ne ɗakin haihuwa da famfo su riga masallaci. Kakanninmu sun yi salla a kan rairayi da hasken wata kuma sallarsu ta inganta. Macen da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ba ta da abin da zai maye mata gurbin haske. Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, fanka kuwa ƙarin jin daɗi ce. Masallaci yana da jama'ar da za su iya tara masa kuɗi ranar Juma'a, yana da ƴan gari da ke ci-rani a Legas da Abijan da ba sa ƙin aiko masa. Ɗakin haihuwa ba shi da mai yi masa shela. Limamin da ya miƙe a taron gari ya ce a fara da can, ya yi wa'azin da ya fi huɗuba goma shiga zuciya.

Sai kuma maganar da ta fi kowace kashe waɗannan ayyuka, ita ce: «Rana ta Allah ce, kayan kuma gwamnati ta kawo, don me za mu biya?» Wasu har sukan kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya nuna cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Hadisin gaskiya ne, amma malamai sun daɗe da bambancewa tsakanin ruwan da yake a kogi ko tafki, wanda ba mai hana wani, da ruwan da mutum ya ɗebo da ƙarfinsa ya zuba a mazubinsa, wanda ya halatta ya sayar. Ba mu taɓa jin wanda ya ce wa ɗan ga-ruwa ya ci haram ba don ya karɓi kuɗin garwa biyu, alhali ba shi ya halicci ruwan ba. Wahalarsa da kurarsa da jarkokinsa ake biya. Haka rana take. Wanda yake son ya shanya gero ko barkono, ga ta nan, babu mai karɓar ko dala. Amma haskenta da aka kama da allo, aka tara a batir, aka tura ta waya har ɗakinka bayan ta faɗi, ya zama kamar ruwan da ke cikin tulu. Kuma tulun nan yana fashewa. Allunan sukan yi shekara 20 zuwa 25, amma batir na darma a irin zafinmu sau da yawa ba ya wuce ƴan shekaru kaɗan, sabon samfurin litiyom ya fi shi daɗewa amma ya fi shi tsada. Na'urar da ke juya wuta tana ƙonewa, famfo yana cin yashi, ƙurar hunturu tana rufe fuskar allo ta rage masa ƙarfi in ba a goge ba. Gwamnati takan sayi kayan farko ta tafi. Ranar da batir ya mutu, ba minista ne zai zo ba.

Mun taɓa sauka a wani gari da ba za mu faɗi sunansa ba. A bakin garin akwai shato mai kyau, da alluna a jere cikin shingen waya, da allon ƙarfe mai ɗauke da sunan shirin da ya yi aikin. Mata kuwa suna can wajen tsohuwar rijiya suna jan igiya. Muka tambaya, aka ce wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone shekara biyu da suka wuce, kuɗinsa bai kai na saniya ɗaya ba. An kafa kwamiti tun farko, an kuma sa kuɗin kowace jarka, amma sai gidan wane ya ce shi ba ya biya don filin kakansa aka gina shaton, gidan wane ya ce shi ɗan'uwan mai gari ne, ma'aji kuma ya ranta wa kansa abin da ya taru zai maido bayan kaka. Da famfon ya tsaya, sai aka wayi gari alluna biyu sun ɓace, kowa kuma ya san ɗakin da suke haskawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne mutanen garin masu salla ne, ba wanda a cikinsu zai ɗauki akuyar maƙwabcinsa. Amma a ransu kayan gwamnati ba su da mai su, don haka ɗaukarsu ba sata ba ce. Wannan kuskure ne babba. Wanda ya ci haƙƙin mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman yafiya. Wanda ya ci dukiyar jama'a, masu binsa sun haɗa da jaririn da aka haifa jiya da makiyayin da bai taɓa jin sunan garin ba, ta ina zai bi su ɗaya bayan ɗaya? Wannan ciwo kuma ba sabo ba ne. Tun shirin famfunan rana da ƙungiyar CILSS ta gudanar a ƙasashen Sahel cikin shekarun 1990 da kuɗin Turai, an ga cewa satar alluna da rashin asusun gyara suna cikin manyan abubuwan da suke tsayar da famfo.

Duk da haka muna da abin koyi a cikin gonakinmu. A da, lokacin da doka ta mai da itatuwan da ke gonar mutum kamar mallakar hukuma, manomi yakan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa tara daga ma'aikatan gandun daji. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa bayan farin 1973 da na 1984, mafi yawansu suka mutu. Amma daga tsakiyar shekarun 1980, da manoman Maraɗi da Damagaram suka soma barin kututture ya tofo suna sassabe shi da kula, kuma a hankali suka samu tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kusan ba tare da kuɗin baitulmali ba. Babu wata tashar rana a ƙasarmu da ta tsare iskar kabon da waɗannan itatuwa suka tsare. Haka ma dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara ta bar wa ƙauyuka wani kaso na harajin dajinsu don su kula da shi. Abin da mutane suka san nasu ne, suna tsaron sa.

Saboda haka hukuma ba ta gama aikinta ba ranar da aka yanke ƙyalle. Sai ta bayyana wa gari a fili, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, nawa aka kashe, nawa ne bashi, wa ya mallaki kayan, wa zai gyara, nawa za a biya kuma me ya sa. Sai ta horar da yaran garin, domin kada a jira mai gyara daga Yamai saboda waya ɗaya da ta tsinke. Ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu: marigayi Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, ana ƙera tukunyar dumama ruwa da murhun rana a nan gida tun duniya ba ta waiwayi abin ba. Sai kuma ta tanadi inda za a kai matattun batura, domin darmar da ke cikinsu guba ce, kuma mun ga yara suna wasa da su a bayan gida, wasu ma ana fasa su ana narka darmar a tsakar unguwa.

Jama'ar gari kuwa, hanyar da suka sani tun da ita ce ta waƙafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya bar wa Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Waƙafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa, yana da mai kula da aka sani, kuma abin da ya shigo ana fara kashe shi ne wajen gyaran asalin abin kafin a waiwayi wani. Idan gari ya ɗauki tasharsa da famfonsa a wannan matsayi, to kuɗin jarka da na fitila za su shiga asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, a ajiye su a gidan ajiyar kuɗi maimakon aljihun ma'aji, a sa mata cikin kwamitin tun da su ne suka fi sanin ranar da famfo ya soma rage ruwa, a kuma amince tun farko da sunayen gidajen da za a ɗauke wa biya, marayu da gajiyayyu, a rufe gurbinsu da sadakar masu hali. Mai gari da liman su fara biyan nasu a gaban mutane. Sau ɗaya a wata, bayan an sallame sallar Juma'a kafin a watse, ma'aji ya miƙe ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da abin da ya rage, ya kuma faɗi kuɗin sabon batir a kasuwar Maraɗi ko ta Kwanni a wannan watan, domin kowa ya ji da kunnensa saura nawa a cike.